Yadda Ake Ɗaura Ɗamarar Tsere da Sauran Kayan Kariya a Motar da Za a Kai Filin Gudu

Duk wanda ya mallaki mota mai gudu a Yamai, kuma yake da niyyar kai ta fili rufaffe domin ya gwada ƙarfinta, ko a taron da masu sha'awar motoci suka shirya a nan gida ko a filin tsere na dindindin irin na Dakar Baobabs a Senegal da Kyalami a Afirka ta Kudu, abin da ke fara jan idonsa shi ne ɗamarar tsere, wato faffaɗan bel ɗin nan mai rassa huɗu ko shida da ake gani a ƙirjin direbobin gasa. Wannan kallo ba baƙo ba ne a ƙasar nan, tun da gasar Paris-Dakar ta farko ta ratsa Agadas da Yamai a watan Janairun 1979. Sai dai abin da mai kallo ba ya gani daga bakin hanya shi ne ɗamarar ba ita kaɗai take aiki ba. Kejin ƙarfe da kujerar tsere da ɗamara da hular kwano mai matallafin wuya abu guda ne, an ƙera kowanne ana la'akari da sauran, kuma wanda ya ɗauki ɗaya ya bar uku yakan ƙare da motar da ta fi haɗari a kan yadda kamfani ya fito da ita.

Dalilin haka a fili yake. Bel ɗin kamfani mai rassa uku yana barin jiki ya karkata gefe idan mota ta kife rufinta ya lotsa, kuma yana aiki ne tare da jakar iska wadda ke tare kai. Ɗamarar tsere kuwa kafe gangar jiki take yi a miƙe. Idan babu keji, rufin da ya lotsa zai tarar da kan direba a tsaye. Idan babu matallafin wuya, jiki zai tsaya cak, kai kuma ya ci gaba da tafiya da nauyinsa da na hula, ba abin da ke riƙe da shi sai wuya. Saboda haka shawarata ga wanda kuɗinsa bai kai ya yi aikin gaba ɗaya ba ita ce ya bar kujera da bel na kamfani yadda suke, ya sayi hular kwano mai kyau, ya shiga fili a haka, domin yawancin masu shirya ranakun gwaji suna karɓar motar da ba a taɓa kayanta na asali ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda ya ƙudura yin aikin cikakke, kafin ya kwance ko bulon ɗaya sai ya nemi takardar ƙa'idojin masu shirya taron, domin su ne za su binciki motar da safiyar ranar. Mafi yawansu suna dogara ne da ƙa'idojin FIA, hukumar wasannin motoci ta duniya, musamman sashe na 253 na Rataye J na kundinta, inda aka fayyace kaurin bututu da girman bulon da kusurwar kowane maɗauri. Kayan da za a saya ma kowanne yana ɗauke da lambar ƙa'idar da aka gwada shi a kanta. Ɗamara ta zama mai lamba FIA 8853-2016, wadda wa'adinta shekara 5 ne kuma ana ɗinka shekarar ƙarewarsa a jikinta. Mai lambar SFI 16.1 ta Amurka wa'adinta shekara 2 ne kawai. Kujera mai lamba 8855-1999 tana yin shekara 5, masu lamba 8855-2021 da 8862-2009 suna yin 10. Hula ta zama 8859-2015 ko Snell SA2020, matallafin wuya kuma 8858-2010. Da yake kusan duk waɗannan kaya daga waje suke zuwa mana, wasu a cikin motocin gwanjo wasu ta saye a intanet, jabu yana da yawa, har da mai kwaikwayon tambarin FIA mai walƙiya. Hanyar tantancewa ita ce a ɗauki lambar amincewar da ke jikin kayan a duba ta a jerin da hukumar ke wallafawa a shafinta. Ɗamarar gwanjo kuwa ban ga dalilin sayenta ba ko da wa'adinta bai cika ba, domin zaren da ya taɓa miƙewa a karo ba ya komawa yadda yake, kuma ido ba ya iya gane shi.

A zaɓi mai rassa shida. Mai rassa huɗu ta fi araha ta fi sauƙin ɗaurawa, amma tana da aibi babba: a lokacin karo maɗauran kafaɗa suna jan maɗaurin ƙugu sama, ya bar ƙashi ya hau kan ciki, jiki kuma ya sulale ta ƙarƙashinsa, sai hanta da saifa da hanji su ɗauki bugun da ƙashin ƙugu ya kamata ya ɗauka. Rassa biyu da ke bi ta tsakanin cinyoyi aikinsu ke nan, su riƙe makulli a ƙasa. Wasu kamfanoni, irin su Schroth na Jamus, suna yin mai rassa huɗu da aka yi wa dabarar hana sulalewa, amma ga motar da aka riga aka sa wa kujerar tsere, mai shida ce daidai.

Aiki yana farawa da cire wayar batiri, a fara da ta ƙasa mai alamar ragi, a jira ƴan mintoci gwargwadon yadda littafin motar ya ce kafin a taɓa kujera, domin kujerun motocin zamani suna ɗauke da jakar iska ta gefe da abin tsuke bel mai aiki da ɗan harsashi, kuma mahaɗan wayoyinsu galibi rawaya ne. A fitar da kujeru da kafet, a share daɓen motar har ƙarfe ya bayyana. Idan aka ga tsatsa ko tsohon gyaran haɗari da aka rufe da mastik, a gyara wurin tukuna. Motocin da suka yi rayuwarsu a Turai inda ake zuba gishiri a hanya lokacin sanyi sukan zo da ruɓaɓɓen daɓe ko da fentinsu na sama yana ƙyalli.

Sai keji. Muna da masu walda masu hannu a Yamai, amma ƙofar gida da gadon ƙarfe daban, kejin mota daban, kuma bambancin yana farawa ne daga bututun kansa. Bututun famfo da bututun da ake yin ƙofa da shi ba sa shiga wannan aiki. Abin da ake buƙata shi ne bututun ƙarfe marar ɗinki a tsawonsa, wanda aka ja a sanyi. Babban bakan da ke bayan kan direba ya zama mai faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2; sauran sassan 38 da 2.5, ko 40 da 2. A lanƙwasa shi da injin lanƙwasa ba tare da an gasa shi da wuta ba, kuma kada lanƙwasar ta matse har bututun ya tamuke. Kowace ƙafar keji tana zama a kan farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 da faɗin da bai gaza santimita murabba'i 120 ba, wanda aka yi wa walda a jikin mota, in kuma ɗaurawa za a yi to da bulon M8, wato mai kaurin milimita 8, aƙalla uku masu lambar ƙarfi 8.8. Mai mota ya tsaya da kansa ya duba da madubi da tocila cewa walda ta zagaye kowane mahaɗi gaba ɗaya, musamman saman bututun da ke manne da rufi, inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi kuma inda aka fi barin giɓi. Motar da za ta ci gaba da hawa titi a yi mata rabin keji na baya kawai, domin bututun da ke kusa da kan da babu hula a kansa shi kansa makami ne. Duk inda hula za ta iya taɓa bututu a naɗe shi da soso mai tauri na musamman mai lamba 8857-2001. Soson katifa yana lotsewa nan take, ba ya tare komai. Abu ɗaya da za a jinkirta shi ne sandar da ke gicciye a bayan kujera, wadda maɗauran kafaɗa za su zagaya. Kada a yi mata walda sai an zaunar da direba, domin tsayin kafaɗarsa ne zai faɗi inda za ta tsaya.

Kujera ta zama ta dace da jikin mai tuƙi, ta kama ƙugunsa da haƙarƙarinsa ba tare da ta hana shi numfashi ba, kuma ramukan bayanta su zo daidai da saman kafaɗunsa ko sama da su kaɗan. Dogon mutum a gajeriyar kujera matsala ce da ba ta da magani sai sauya kujerar. A ɗora ta a kan maƙallanta na gefe ba a ɗaure sosai ba, direba ya zauna sanye da hularsa, a yi ta matsawa har a sami wurin da zai taka kuloci ko birki har ƙasa gwiwarsa na nan a ɗan lanƙwashe, ya kuma ɗora wuyan hannunsa a saman sitiyari kafaɗunsa ba su rabu da kujera ba. Tsakanin saman hula da saman babban baka a sami aƙalla santimita 5. Idan an gamsu a yi alama da alli, a ɗaure da bulon M8 huɗu masu lamba 8.8 ko sama, maƙallan su zama ƙarfe mai kaurin milimita 3, ko 5 idan na alminiyam ne. Ɗaure kujera wuri ɗaya ya fi ƙarfi. Idan dole ne mutum biyu su riƙa tuƙa motar, a sa layin zamiya mai kulle ɓangare biyu, ba mai kulle gefe ɗaya ba.

Yanzu aka zo ga ɗamarar kanta, kuma nan ne ya kamata a fi natsuwa. Mutum mai kilo 75, a karon da ƙarfinsa ya ninka nauyin jiki sau 20, yana jan ɗamara da nauyin tan ɗaya da rabi cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa ƙa'ida ta ce kowane maƙalin ƙugu da na kafaɗa ya iya ɗaukar kusan tan ɗaya da rabi shi kaɗai. Zaren ɗamara mai inganci yana da wannan ƙarfi. Abin da ke yawan gazawa shi ne wurin da aka maƙala shi da kusurwar da ya bi.

A fara da maɗauran ƙugu. Daga kan ƙashin ƙugun direba su gangara ƙasa da baya a kusurwar kusan digiri 60 daga shimfiɗe, kada su kwanta su yi ƙasa da 45, domin in sun kwanta za su hau ciki. Manhajar auna karkata da ke cikin wayar salula ta isa wannan awo. Su zama gajeru, kusa da gefen kujera, su ratsa ramukanta ba tare da sun goga a baki ko sun karya hanya ba. A ɓangaren ƙofa yawanci ramin bel na kamfani da ke dokin ƙofa yana faɗawa daidai, kuma shi ne mafi ƙarfi a motar, sai a yi amfani da shi. A nan akwai abin da bakanike da yawa ba su lura da shi ba: zaren wannan rami a mafi yawan motoci na inci ne, 7/16 UNF, ko da sauran bulon ɗin motar duk na milimita ne. Wanda ya tilasta masa bulon na milimita ya lalata zaren, kuma lalataccen zare yana ɗauruwa kamar lafiya sai ranar da aka ja shi. A yi amfani da bulon mai zobe da ya zo tare da ɗamarar. Idan za a sayi ƙari a kasuwar Katako ko a shagunan kayan mota, a duba kansa a ga an buga 8.8 ko 10.9, wanda kansa babu rubutu a bar shi.

A ɓangaren tsakiya sau da yawa babu ramin kamfani, saboda makullin bel yana jikin kujerar da aka cire, don haka sai an huda sabo a gefen tudun tsakiya ko a daɓe. Kafin injin huda ya taɓa ƙarfe, a ɗaga motar a shiga ƙarƙashinta a ga abin da ke bayan wurin, domin bututun mai da na man birki da wayoyin lantarki nan suke bi. Ƙarfen daɓe siriri ne ƙwarai, bai kai milimita ɗaya ba a motoci da yawa, kuma noti da ƙaramin zobe kaɗai za su ɓarke shi su fito kamar yadda maɓalli ke ɓarke tsohuwar riga. Saboda haka kowane sabon rami yana buƙatar farantin ƙarfe a bayansa, ta wajen motar, mai kaurin milimita 3 aƙalla da faɗin santimita murabba'i 40, wato mai santimita 7 a kowane gefe ya wadatar. A goge kusurwoyinsa su zama masu zagaye don kada su yanka daɓen, a daidaita shi ya kwanta sosai a kan ƙarfe, a shafa maganin tsatsa a bakin ramin. Idan an ɗaure bulon mai zobe, zoben ya fuskanci inda maɗauri zai ja shi. In bai zo daidai ba a ƙara siririn zoben ƙarfe a ƙarƙashinsa, kada a sassauta shi don ya juya. A ɗaure da sifana mai auna ƙarfi gwargwadon abin da mai ɗamarar ya rubuta. Bayan an maƙala ƙugiya a zobe, a soka ɗan fil ɗin da ke hana bakinta buɗewa. Kada a maƙala ɗamara a ƙafar kujera ko layin zamiyarta, haka nan ƙugiyoyin ɗaure kaya na but da maƙalan kujerar yara ba a yi su don nauyin babban mutum ba.

Maɗauran tsakanin cinyoyi suna sauka ta ramin da ke shimfiɗar kujera zuwa maƙalai biyu a daɓe, tazarar kusan santimita 10 a tsakaninsu, kai tsaye ƙarƙashin ramin ko baya da shi har zuwa digiri 20, kowanne da farantinsa. Ba a zagayo da su ta gaban kujera, kuma ba a yanka wa kujerar kamfani rami don su wuce. Tsawonsu ake daidaitawa sau ɗaya, yadda makulli zai zauna ƙasa da cibiya, a kan layin ƙashin ƙugu, ya kuma ƙi hawa sama ko an ja kafaɗu da ƙarfi.

Maɗauran kafaɗa su ne aka fi ɓatawa. Na sha ganin an ratsa da su ta ramukan kujera an gangara da su tsaye zuwa daɓen da ke bayanta, saboda nan ne wurin da ya fi sauƙin hudawa. Wannan ɗauri yana iya karya gadon baya, domin idan jiki ya yi gaba maɗaurin zai danna kafaɗu ƙasa ya matse ƙashin baya, ya kuma karya bayan kujerar. Daidai shi ne daga saman kafaɗa maɗauri ya tafi baya a shimfiɗe ko ya sunkuya ƙasa kaɗan, tsakanin digiri 0 da 20. Musamman mai matallafin wuya ya tsaya cikin 20. Kada kuma ya hau sama da kafaɗa, domin ba zai riƙe jiki a kujera ba idan mota ta kife. To a nan ne za a zaunar da direba da hularsa da matallafinsa, a miƙa igiya daga kafaɗarsa ta cikin ramin kujera, a sami tsayin sandar giciye, a yi mata walda. Sandar ta kasance kusa da bayan kujera gwargwadon iko, domin dogon maɗauri yana miƙewa da yawa. Maɗauran biyu su riƙa matsowa kusa da juna yayin da suke tafiya baya, don su rungumi wuya kada su zame daga kafaɗa. Idan nisan ya kai kusan rabin mita, a gicciya su, na dama ya koma hagu. A sa zobba a jikin sandar da za su hana su zamewa gefe.

Naɗin maɗauri a sanda yana da tsari, kuma ƙaramin ƙarfen nan mai sanduna uku da ramuka biyu shi ne ke riƙe komai. Maɗauri ya shiga ramin farko daga ƙasa, ya haye sandar tsakiya, ya sauka ta rami na biyu, ya zagaya bututu daga ƙasa ya fito ta sama, ya sake bi ta ramukan biyu a kan shimfiɗar farko. Mutane da yawa nan suke tsayawa, alhali saura naɗi na ƙarshe wanda shi ne kulli: a maido bakin maɗaurin baya ta saman ƙarfen, a cusa shi a ramin da ke kusa da bututu, a bar jela ta aƙalla santimita 10. Ƙarfen ya matsa jikin bututu sosai, kada a bar tazara. A riƙe hoton da ke takardar mai ɗamarar a hannu ana yi ana kwatantawa, sannan a ja da dukkan ƙarfi a ga ko zai zame. A tabbata babu inda maɗauri ya murɗe ko ya kwanta a kan kaifin ƙarfe.

Sanya ɗamara ma da tsarinsa. A rufe ƙofa a gyara madubai tukuna, domin bayan an ɗaure hannu ba ya kai musu. A zauna ƙugu ya shige can cikin kujera, a soka na ƙugu da na cinyoyi a makulli, a tsuke na ƙugu sosai a kan ƙashi, sai daga ƙarshe a ja na kafaɗa. Wanda ya fara da kafaɗa ya ja makulli sama zuwa kan cikinsa ke nan. Ɗamarar da aka ɗaure daidai tana takurawa, kuma bayan zagaye biyu ko uku a fili takan ɗan saki yayin da jiki ya nutse cikin kujera, sai a ƙara jan kafaɗu a miƙaƙƙiyar hanya ko a wurin tsayawa. Idan akwai kujerar fasinja, a yi mata duk abin da aka yi wa ta direba, ba ragi.

Matallafin wuya, wanda aka fi sani da HANS, ƙirƙirar Robert Hubbard ne, malamin jami'a a jihar Mishigan ta Amurka, tare da surukinsa direban tsere Jim Downing, tun shekarun 1980. Direbobi sun daɗe suna ƙin sa har sai da Dale Earnhardt ya rasu a zagayen ƙarshe na gasar Daytona 500 ranar 18 ga Fabrairun 2001 sakamakon karyewar gindin ƙoƙon kai. A wannan shekarar NASCAR, hukumar da ke shirya gasar a Amurka, ta wajabta irin wannan kariya, Formula 1 kuma ta wajabta HANS a 2003. Yana zama a kan kafaɗu, maɗauran ɗamara su bi ta samansa su danne shi, igiyoyinsa biyu kuma su maƙale a gefen hula, ta yadda idan kai ya yi gaba nauyin zai koma kan ɗamara maimakon wuya. Ga kujerar mota mai rufi, wadda zamanta a miƙe yake, mai kusurwar digiri 20 aka fi amfani da shi. Ƙarafan daidaita tsawon maɗauri su zauna a ƙirji ƙasa da ƙarshen matallafin, kada su hau kansa. Hular ta zo da maƙalanta daga kamfani. Hular babur ba ta maye gurbinta, domin ba a yi cikinta da abin da ke jure wuta ba, kuma huda ta don a sa maƙali raunana ta yake yi.

Game da wuta, a ɗaure kwalbar kashe gobara mai garin kilo 2 ko mai kumfa lita 2.4 a daɓe, inda hannun direba zai kai, da maɗauran ƙarfe biyu masu saurin buɗewa, mazauninta kuma a ɗaure shi da bulon mai ratsa daɓe, ba da sukurun da ke cin kwano ba. Kwalba mai kilo 3 da ta kuɓuce a karo mai ninki 25 nauyin kilo 75 take tafiya da shi. A duba allurar matsinta kafin kowace fita, a kai ta bincike duk shekara 2. Idan ƙa'idar taron ta nemi makashin lantarki na gaba ɗaya, a sa shi inda direba zai kai yana ɗaure, na waje kuma a yi masa alamar jar walƙiya cikin shuɗin alwatika. A sa zoben jan mota gaba da baya a shafa masa fenti ja ko rawaya, a manna ƴar wuƙar yanka bel kusa da hannu, a kwashe duk abin da ke yawo a cikin mota har da tabarmin ƙafa.

Tufafi a zafinmu jarrabawa ce, domin a watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40 a inuwa, cikin mota kuwa ya fi haka nesa. Duk da haka rigar tsere mai lamba 8856-2018 da safar hannu da takalmi mai siririn tafi su ne abin da ya dace. Wanda taronsa bai wajabta su ba ya sa dogon wando da riga mai dogon hannu na auduga zalla. Rigar ƙwallo da duk wani yadin roba narkewa suke yi su manne a fata. A gajarta zagaye, a sha ruwa tsakanin fita da fita, domin direban da zafi ya galabaitar hankalinsa ke fara raguwa kafin ya ji a jikinsa.

Kafin ranar fita a gwada fitowa daga mota sanye da komai: a kashe inji, a murɗa makulli, a ture maɗauran, a buɗe ƙofa, a fito, sannan a maimaita ta ƙofar fasinja, sannan ido a rufe, domin hayaƙi ba ya barin a ga komai. A wasu rukunan gasar FIA ana so direba ya fita cikin daƙiƙa 7 ta ƙofarsa, 9 ta ɗaya ƙofar, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga kowa. Bayan fitar farko a fili a sake bin kowane bulon na kujera da ɗamara da sifana.

Rana da ƙura su ne manyan maƙiyan ɗamara a ƙasar nan. Hasken rana yana cin ƙarfin zare tun kafin launinsa ya koɗe, saboda haka a ajiye motar a inuwa, ko a rufe ɗamarar da zane, ko a ɓalle ƙugiyoyinta a shigar da ita ɗaki. Ƙurar hunturu tana shiga makulli ta hana harsunan kamawa sosai; a busa shi da iska, kada a zuba masa mai ko giris, kuma duk lokacin da aka soka harshe a ji ƙarar kamawarsa a ja shi a tabbatar. Wanki da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi ne, a shanya a inuwa. Fetur da jabel suna lalata zare. A kan titin gari a koma ga bel ɗin kamfani, wanda ya kamata a bari a wurinsa idan motar za ta riƙa fita, domin wanda aka kafe a kujera ba ya iya leƙawa a mararraba ya ga babur ko amalanke, kuma ba ya sanye da hula da matallafi. Ɗamarar da ta tsage ko ta ƙone ko zarenta ya fara tashi a sauya ta ko wa'adinta bai cika ba. Wadda kuwa aka yi karo mai tsanani da ita, a cire ta tare da bulon ɗinta, a yanka ta gunduwa-gunduwa don kada ta koma kasuwa, a sauya hular da ta bugu, sannan a kwance kujera a binciki maƙallanta da farantan daɓe kafin motar ta sake shiga fili.